Waƙar Lucia da Aka Yanke wa Ƙarshe

Ranar da abin ya fara, babu wanda ya ga wata alama a gidan Abednego. Ruwan la'asar ya ɗauke, rana ta faɗa bayan duwatsu, tsakar gida tana ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa da hayaƙin itace. Tamar, 'yarsa, wadda ta dawo hutu daga kwalejin Gidan Waya, tana gaban murhu tana tuƙa tuwon acca. Shi kuwa yana zaune a kujerar katakon da ya saba zama tun yana aikin reluwe, ya juya fuskarsa wajen ɗakin ɗansa.

"Levi," ya ce, "sa mini ita."

Levi bai tambayi wace ce ba. Tun da suka binne Lucia, uwar gidan, kowace yamma sai an yi wannan kiran.

Ɗakin nan a da rumbun citta ne. Da Levi ya dawo daga Kaduna da kwamfuta da makirfo da lasifika biyu, sai ya share shi, ya manne kwalayen ƙwai a bango, ya ce kundin waƙoƙi zai yi irin wanda ba a taɓa ji ba. Ba ya ɗaukar makaɗa. Yawo yake yi yana naɗar ƙara: wuƙaƙen mata masu tsaga citta a Kachia, tulun da zumuntar mata ke bugawa a coci, ƙahon tsofaffi a ƙauyukan Gwantu, ruwan sama a kan kwano, har da tsohon ƙarfen dogo idan an buga shi da guduma. In ya dawo sai ya zuba su a kwamfuta, ya ja wannan, ya matse wancan, har wuƙa ta koma kamar numfashi, tulu ya koma kamar tsawa daga ƙarƙashin ƙasa.

"Wannan waƙa ne, ko injin niƙa ya lalace?" Abednego ya taɓa tambayarsa.

Lucia ce ta yi dariya ranar, ta ce a bar yaro ya yi abinsa. Kuma ita ce ta yarda ta zauna gaban makirfo, alhali ciwon ƙirji ya riga ya ci jikinta, ta rera masa waƙar kakarta.

Waƙar wankin citta ce, da yaren ƙauyensu. A da, in mata suka sauka rafi da kwanduna, sai su shimfiɗe jarirai a bakin gaɓa, su kira mai rafin da waƙa: zo, baƙo, zo ka zauna, zo ka riƙe mana yara muna aiki. In sun gama, akwai baitin ƙarshe da ake yi masa godiya a ce ya koma gida. Kakar takan ce ko ruwa ya tsuge, ko maciji ya fito, ba a barin rafi sai an rera wannan baitin. Lucia 'yar zumunta ce, ba ta ɗauki zancen da nauyi ba, waƙar aiki kawai ta maishe ta. Amma duk shekarun da Abednego ya yi da ita, bai taɓa jin ta fara waƙar ta bar ta a hanya ba.

Levi bai san wannan ba. Yaren uwarsa tsinci-tsinci yake ji, Hausa da Turancin titi ne a bakinsa. Daɗin muryar ya naɗa, ba ma'anar ba.

Bayan biso, da baƙi suka watse, ya kunna wa ubansa naɗin. Abednego ya saurara kansa a sunkuye, har muryar ta iso inda take cewa mun gama, mun gode, koma gida. Sai ya miƙe tsaye.

"Tsaya. Cire wannan wurin."

"Baba, ai nan ne ƙarshen."

"Na san ƙarshe. Na gan shi da idona. Cire."

Levi ya yanke. Sannan ya yi abin da yake yi wa kowace ƙara: ya haɗa bakin da ya yanke da farkon waƙar, ta zama zobe. In ta zo inda aka datse, sai ta koma baya da kanta. Zo, baƙo, zo. Ya shimfiɗa mata tulun a ƙasa, ya yafa mata ruwan kwano a sama, ya sa ƙaho yana kuka can nesa. A duk kundin babu wadda ta kai ta kyau.

Ita ce take tashi daga lasifika a wannan yammacin, muryar Lucia tana zagaya tsakar gida tana dawowa, lokacin da dutse na farko ya faɗo kan rufi.

Ya buga, ya gangara a hankali kan kwanon, ya faɗo gaban Abednego. Wani ya biyo shi. Wani kuma. Abednego ya tashi ya leƙa ta kan katanga yana faɗa, maƙwabciyarsu Mama Nkiru, mai shagon kayan miya, ta fito da ludayi a hannu.

"Papa Levi, ba yarana ba ne o! Duka suna ciki, suna cin abinci. Na ce ko naka ne suna jifa."

Ya dawo ya ɗauki dutsen. Sumul yake, baƙi, da sanyi kamar daga randa aka tsamo shi, ga gansakuka koriya a gefensa tana ɗiga. Unguwarsu babu rafi.

A lokacin ne ya ji ƙaurin tuwo. Ya waiga. Tamar ta saki muciya a cikin tukunya, ta miƙe, hannuwanta a sake, tana kallon inda babu kowa. Ya kira sunanta, ba ta juyo ba. Levi ya kashe kiɗan, amma waƙar ba ta mutu ba. Daga bakin Tamar take fitowa, kuma muryar ba ta Tamar ba ce.

Daga ranar gidan ya shiga wani hali. Da safe Tamar takan farka lafiya, sai dai gajiya, ba ta tuna kome. Amma da rana ta karkata, inuwar mangwaro ta taɓa bakin rijiya, sai duwatsu su fara. Sai ta tashi ta kama zagaya tsakar gida, daga murhu zuwa rijiya, daga rijiya zuwa ƙofar ɗakin Levi, ta dawo murhu. Tana tafe tana waƙar. Daidai inda Levi ya datse take tsayawa, cak, kamar an sa almakashi, sai ta ɗauko daga farko. Ba ta zama sai duhu ya rufe ta faɗi da kanta.

Sun yi duk abin da aka san ana yi. Fasto Francis ya zo da dattawan coci, aka yi azumi da addu'a, matan zumunta suka cika tsakar gida da waƙoƙin yabo. Muddin suna nan Tamar takan lafa, ta zauna a tsakiyarsu tana hawaye. Suna fita, dutse ya faɗo. Likita ya duba ta a gida, ya ce bai ga ciwo ba, ya bar maganin barci. Abednego ya ɗauko mota don a kai ta wurin ƙanwar uwarta a Kachia, amma da ta sa ƙafa a bakin ƙofar gida sai jikinta ya sandare, numfashi ya ɗauke, har sai da aka ja ta baya ya dawo. Suka sake gwadawa da safe, suka gwada da tsakar rana. Ƙofar a buɗe take, titi ga shi nan, 'yan acaɓa na wucewa, amma Tamar ba ta iya ƙetare dokin ƙofar.

Levi ya daina shiga ɗakinsa. Abednego ya daina zuwa ko sujadar Lahadi. Maƙwabta suka rage leƙowa. Ƙafafun Tamar suka fitar da hanya a tsakar gida, zobe guda, ƙasar ta lotsa ta yi santsi kamar turbar awaki.

Abednego ya san waƙar tana da ƙarshe, ya kuma san abin da kakar ta ce. Sau da yawa maganar takan zo masa har bakin harshe, sai ya ce wa kansa ai su masu bi ne, waƙar wankin citta ba ta da wani iko. Amma akwai abin da bai faɗa wa ko Fasto ba. In inuwar mangwaro ta fara matsowa kusa da rijiya, wani abu a ƙirjinsa yakan yi murna. Muryar da ke fita daga bakin 'yarsa ta fi ta lasifika kama da Lucia. Tana da ɗumi, tana da numfashi. Yakan zauna a kujerarsa ya rufe ido.

Wata safiya ya fito ya same ta zaune a bakin rijiya tana wanke ƙafa. Tafin ya tsattsage, ruwan da ke gangara ja ne. Wuyanta ya yi siriri, zanenta ya yi mata yawa.

"Baba," ta ce, muryar a dishe, da ƙyar ake ji, "me nake yi da yamma? Kowa na kallona, ba mai gaya mini."

Ya kau da kai, ta ci gaba.

"Ji nake kamar wani ya riƙe mini hannu. Ba da mugunta ba. Amma ba ya saki. Baba, na gaji."

Ya shiga ɗaki ya sa hularsa, ya nufi gidan Malam Jamiluddeen.

Tare suka yi aiki a tashar jirgi, Abednego yana juya layi, Malam yana akawu, kafin Malam ya ajiye aiki ya koma karatu da karantarwa, har aka san shi da ruƙiyya. Ya same shi a zaure cikin littattafai.

"A'a, Abed! Mai juya layi! Ashe ƙafarka ta san hanyar gidana? Ko jirgi ne ya ɓace maka?"

"Malam, yarinyata ne."

Malam ya dube shi, dariyar ta bar fuskarsa. Ya saurari labarin duka, ban da abin da Abednego ya ɓoye.

"Fastonku ya sani ka zo?"

"Ya yi nasa. Ban gaya masa ba."

"Ka gaya masa, kada ya ji a bakin mutane. Ni ba zan sa ku yin abin da ya saɓa wa addininku ba. Zan karanta abin da na sani, ku yi addu'arku. Ina idar da magariba zan zo."

Ya zo sama tana ja-ja, duwatsu sun riga sun fara. Bai ɗaga kai ya kalli rufin ba. Ya shimfiɗa buzunsa daidai kan turbar da ƙafafun Tamar suka fitar, ya zauna, ya fara karatu da murya ƙasa-ƙasa. Abednego da Levi suna tsaye jikin bango, leɓunansu na motsi da tasu addu'ar. Tamar ta taho daga wajen rijiya tana waƙa. Da ta iso gaban buzun sai ta tsaya, ƙafa ɗaya a sama, kamar wadda ta zo bakin rami. Waƙar ta yanke. Duwatsun suka yi shiru. Ko tsuntsu ba ya kuka a unguwar.

Ta sauke ƙafar, ta durƙusa. Da ta buɗe baki, wata murya ce ta fito, mai kauri, mai sanyi, kamar ana magana ta cikin tulu.

"Ka tare hanya."

"Na tare," in ji Malam. "Wane ne kai?"

"Baƙo."

"Baƙon wa?"

"Na wadda ta kira."

"Wadda ta kira ta rasu."

"Ƙarya. Kowace yamma tana kira. Zo, zo, zo. Na ji ta tun daga rafina, na ce wace mace ce wannan da aikinta ba ya ƙarewa. Na zo. An ce in riƙe yara. Ga yarinya, na riƙe." Kan Tamar ya karkata. "Ba a ce in saki ba."

"Duwatsun fa?"

"Ƙwanƙwasa ƙofa nake yi. Ko wani zai fito ya sallame ni. Kakanninta sun san ƙa'ida: su kira, in zo, su gode, in tafi. Ni ma ina da gida. Nawa suna can ba su san inda nake ba. Zagaye nake yi a gidan nan kamar akuyar da aka ɗaure a turke."

"To ni na sallame ka. Da sunan Allah, fita ka bar 'yar mutane."

"Ba kai ka kira ba."

Malam ya ɗaga murya da karatu. Jikin Tamar ya fara rawa, zufa ta keto mata, sai ta ƙwalla ƙara da muryarta ta ainihi, ta kira Baba. Abednego ya zabura, Levi ya riƙe shi.

"Ƙona ni in ka so," muryar ta dawo tana haki. "Kana iyawa. Amma ƙofa a rufe take, ba inda zan bi. Tare da ita za ka ƙona."

Malam ya dakatar da karatun. Ya daɗe yana kallon turbar da ta zagaye tsakar gida, sannan ya juya.

"Abed. Waƙar nan tana da ƙarshe?"

Levi ya kalli ubansa. Abednego ya kalli ƙafafun 'yarsa, inda ƙasa ta manne a jini.

"Yana da shi," ya ce. "Ni na sa aka cire."

Malam ya gyaɗa kai. Ya tambayi Levi ko naɗin farko yana nan. Levi ya ce yana nan, bai taɓa goge abin da ya naɗa ba.

"Ka ji," Malam ya ce wa baƙon. "Da bakinta za ta sallame ka. Sai ka tafi."

"Zan tafi. Amma ba hannu wofi ba."

"Ba ka da haƙƙi a nan."

"Tsohon nan zai sake kirana. Na ga idonsa kowace yamma, yana zaune yana jira." Idanun Tamar suka sauka kan Abednego, ba su ƙifta ba. "Muddin muryar tana gidan nan, zai sa ta. Ko in tafi da yarinyar, maƙogwaron uwarta ne da ita, ta riƙa yi mini waƙa a rafi. Ko in tafi da muryar. Duk inda aka ajiye ta."

"Yarinya kam ba ka isa ba."

"To muryar."

"Baba," Levi ya ce, "ba mu da wani. Shi kaɗai na naɗa. Ko a waya ba ta yarda a ɗauke ta. In ya tafi, shi ke nan Mama."

Malam ya gyara zama. "Kai baƙo, an ɓata maka, gaskiya ne. Amma mutumin nan ba da gangan ya ɗaure ka ba, mutuwa ce ta taɓa shi. Ka bar masa ko kaɗan."

Duhu ya fara cin gefen katanga.

"Bayan ta gama, ta yi tari," in ji muryar. "Wannan ba nawa ba ne. Na bar masa."

Kowa ya juya wajen Abednego. Ya tuna Lucia a bakin rijiyar nan, ta naɗe zane, tana wanke citta tana wannan waƙar, tana harararsa in ya ce ta cika surutu. Ya sake kallon Tamar, durƙushe a kan ƙasa.

"Levi," ya ce. "Sa mini ita. Har ƙarshe."

Levi ya shiga ɗakin, ya turo lasifika bakin ƙofa. Babu tulu, babu ƙaho, babu ruwan kwano. Murya ce tsirara, ta mace marar lafiya a ƙaramin ɗaki. Zo, baƙo, zo ka zauna. Ta bi baitocin ɗaya bayan ɗaya, tana jan numfashi a tsakani. Da ta kusa inda aka saba datsewa, Abednego ya ji kafaɗunsa sun ɗaure suna jiran ta koma baya. Ba ta koma ba. Ta wuce. Mun gama, ta ce da yarensu. Mun gode. Yaranmu lafiya, ka sake su. Koma gida, baƙo, rana ta faɗi.

Abednego bai rufe ido ba wannan karon. Ya tsaya ya ji ta har ta kai.

Wata iska mai sanyi ta taso daga wajen rijiya, da warin laka da ɗanyen ganye, ta kaɗa rigar Malam, ta bi ta ƙofar gida ta fita. Ƙyauren ya yi ƙara sau ɗaya. Tamar ta sulale gefe, Abednego ya tare kanta kafin ya taɓa ƙasa. A lasifika Lucia ta yi tari, gajere, sannan wani mai tsawo, kujera ta yi ƙara, naɗin ya ƙare.

Tamar ta buɗe ido. Ta dubi ubanta, ta dubi baƙon dattijon da ke naɗe buzu, ta shaƙi iska.

"Baba," ta ce, "tuwon ya ƙone?"

Washegari ta taka da ƙafarta, tana ɗingishi, ta ƙetare ƙofar gida ta sayo gishiri a shagon Mama Nkiru. Matar ta rungume ta tana kuka tana kiran sunan Yesu. Duwatsun da Abednego ya tara a bayan ɗaki babu ko ɗaya, sai jiƙaƙƙen wuri.

Levi ya duba kwamfuta, ya duba waya, ya kira abokinsa Jason a Jos wanda ya taɓa tura wa waƙar. Ko'ina abu ɗaya ne. Tulu yana nan, ƙaho yana nan, ruwan kwano yana zuba, amma tsakiyarsu fili ne, kamar ɗakin da aka fitar da gado. A naɗin farko kuwa babu kome sai shirun ɗaki, sannan tarin.

Ya yi tunanin sa Tamar ta rera a gurbin. Abednego ya ce a'a, Tamar ma ta ce ko kalma ɗaya ba ta iya tunawa. Sai Levi ya bar filin yadda yake. Ya kwance zoben, ya ba kiɗan ƙarshe, ya ɗora tarin a bayansa. Haka waƙar ta fita a kundin, ita ce ta rufe shi.

Damina ta cike turbar tsakar gida, ciyawa ta tsiro a kanta. Tamar ta koma Gidan Waya. Wata yamma, inuwar mangwaro tana taɓa bakin rijiya, Abednego ya ja kujerarsa ya zauna.

"Levi, sa mini ita."

Tulu ya taso daga ƙasa, ƙaho ya yi kuka can nesa. Ya zauna yana sauraron wurin da babu kowa, leɓunansa na motsi a hankali, baiti bayan baiti, har na ƙarshe. Kiɗan ya sauka. Lucia ta yi tari.

Levi ya kai hannu zai maido ta farko, kamar yadda ya saba.

"Bar shi," in ji Abednego. "Ta gama."

Ya ɗauki kujerarsa ya shiga da ita ɗaki.